Sandar Yamai da igiyar rijiya: tarihin awon ruwa a ƙasarmu

A watan Yuni na shekarar 1985 kogin Isa ya daina gudu a Yamai. Kowace bazara dama yakan janye, duwatsu su fito, tsibirai su faɗaɗa, amma a wannan shekarar tsayawa ya yi cak. Abin da ya saura gurabun ruwa ne tsakanin rairayi, mutane na taka ƙafa su ƙetara zuwa Harobanda. Shekarar ce ta biyo bayan farin 1984, wanda iyayenmu a Maraɗi ke kira yunwar El Buhari, don ta zo daidai da lokacin da aka rufe iyakar Najeriya. Duk littafin da ya ambaci tsayawar kogin nan sai ya ƙara da cewa ba a taɓa ganin haka ba tun da aka fara awo. Wannan ƴar jimlar ce ta tsaya mini a rai. Yaushe aka fara awon? Wa ya fara, da me, kuma don amfanin wa?

Ni ɗalibin ilimin harsuna ne, kuma ta ƙofar kalmomi na shigo zancen ruwa. Amma kafin a kai ga kalmomi sai an bi ta kan sanda.

Sandar da nake nufi falle-fallen ƙarfe ne masu fenti, kowane tsawon mita guda, an zana musu layi a kowane santimita, an kakkafa su a gaɓar kogi kamar matakala, wani sama da wani. A kan kogin Isa, wadda ta fi daɗewa ana karantawa ita ce ta Kulikoro a Mali, tun 1907. Jirgin ƙasa ya iso Kulikoro a 1904, daga nan kaya sai su hau jirgin ruwa, don haka Nasara na buƙatar sanin watannin da kogi zai ɗauki jirgi. Daga baya ga maganar auduga da shinkafa: an kafa Office du Niger a 1932, an gama barajin Markala a 1947. Ta Yamai kuwa an fara karanta ta a 1929, shekara uku bayan an ɗauke babban birni daga Damagaram an kawo shi bakin kogi. Cikin dalilan da ake bayarwa na wannan ƙaura har da ƙarancin ruwan Damagaram, garin da ke zaune bisa dutse. Ke nan tun farko awon ruwa na tafiya ne tare da mulki: inda Nasara ya ajiye buronsa da jirginsa, nan ya kafa sandarsa.

Aikin karatun sanda ba shi da wani kwarjini. Ana samun mutum a garin da ke kusa, sau da yawa mushen lakwal ko wani da ya iya lamba, a ba shi karne da ɗan abin goro a wata. Ya je da safe ya dubi inda ruwa ya tsaya, ya rubuta. Lokacin cikowa ya koma da marece. Shi ke nan. Amma tsayin ruwa kaɗai ba ya gaya maka yawan ruwan da ke wucewa. Sai ma'aikata sun zo da kwalekwale, su zura wata ƴar farfela cikin ruwa a wurare da yawa daga wannan gaɓa zuwa waccan, sama da ƙasa, su ƙirga juyinta, su fitar da mita kubik nawa ke wucewa cikin sakan guda. Mita kubik guda lita dubu ce, wato tano biyar, ko bido 40 na ƴan garuwa. In an yi wannan awo a tsayi daban-daban, sai a zana layin da ke haɗa tsayi da yawan ruwa, daga nan lambar karne ta isa a san sauran. Matsalar ita ce gindin kogi ba ya zama yadda yake. Rairayi ya taru, sai santimita 500 ta bana ta daina nufin abin da ta nufa shekara ashirin baya. Dole a riƙa komawa da kwalekwale, kuma kwalekwale da mota da mai kuɗi ne.

Bayan yaƙin duniya na biyu ne sanduna suka yawaita, ƙarƙashin masu binciken Faransa na ORSTOM, wadda ta koma IRD a 1998. Jean Rodier ne ya daɗe yana jagorantar sashen ruwa. A shekarun 1950 da 1960 aka kafa tashoshi a Gorouol, Dargol da Sirba da ke zubowa cikin Isa daga ɓangaren Burkina, da Magiya a ƙasar Adar, da Gulbin Maraɗi, da Komadugu a gabas. A nan akwai wani abin da masu tarihi ya kamata su lura da shi. Shekarun nan su ne mafi damina mai albarka a ƙarnin gaba ɗaya. Tabkin Cadi a farkon shekarun 1960 ya kai faɗin murabba'in kilomita wajen 25,000. To a cikin wannan yalwar aka ɗauki ma'aunin abin da aka kira "daidai". Tsohon da ya ga Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 da idonsa ya san ƙasar nan na iya bushewa ƙaf, amma sandar Yamai ba ta ga Kakalaba ba, an haife ta bayan shekara goma sha biyar. Da fari ya dawo daga 1968 ya yi tsanani a 1973, lissafin ofis ya sha mamaki fiye da tsofaffin ƙauye.

Farin ne ya haifi yawancin ma'aikatun da muke gani yau. An kafa CILSS a 1973, cibiyar AGRHYMET ta buɗe a Yamai a 1974 don horar da masu awon ruwan sama da na kogi. Hukumar kogin Isa da aka kafa a 1964 ta zama ABN a 1980, mazauninta Yamai, ƙasashe tara ke cikinta. A shekarun 1980 aka fara kafa na'urori masu aika tsayin ruwa ta tauraron ɗan adam, don a san abin da ke tahowa daga sama kafin ya iso. Bayan abin da ya faru a 1985 aka gina shingen Gudel, sama kaɗan da birni, don ya riƙe wa pampon Yamai ruwa a bazara.

Amfanin sanin abin da ke tahowa yana da sauƙin ganewa in an san cewa Yamai cikowa biyu take gani a shekara. Ruwan da ya sauka a duwatsun Gine a damina yana bi ta Bamako, ya bazu cikin fadamun Mopti ya yi watanni yana jan ƙafa, ba ya isowa nan sai cikin sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Wannan ana ganinsa daga nesa, sandunan Mali sun riga sun ba da labari. Ɗayan kuwa namu ne na gida, na Agusta da Satumba, ja wur da laka, daga Sirba da Dargol da Gorouol da ƙoramun kusa. Shi ba ya sallama. A da na Gine ne babba, jan ruwan ɗan ƙari ne kawai kafin babban baƙo ya iso. A bazara kuma, abin da ke wucewa ta gaban Yamai ya dogara da abin da aka saki daga barajin Selinge na Mali, wanda ya fara aiki a farkon shekarun 1980, da abin da aka janye a Markala. Mai buɗe pampo a Yamai a watan Mayu, ko ya sani ko bai sani ba, yana shan lissafin wani injiniya ne a Mali.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni mamaki a duk tarihin nan, kuma ba don karnen masu karatun sanda ba da ba mai yarda da shi. A shekarun 1970 da 1980 ruwan sama a Sahel ya ragu da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari in an gwada da shekarun 1950 da 1960. Hankali zai ce ƙoramu su ragu. Sai lambobi suka nuna ƙoramun Sahel ƙaruwa suka yi. Jean Albergel ya lura da haka a Burkina tun 1987, daga baya aka tabbatar da shi a Sirba da ƴan uwanta. Ruwan sama ya ragu, ruwan da ke gudu bisa ƙasa ya ƙaru. Dalilin kuwa kowane manomi yana da sunansa a baki: faƙo. Fari ya kashe itatuwa, jama'a ta ƙaru, an share daji an yi gona, an daina barin saura ta huta. Ƙasar da ba ta da inuwa ba ta da ciyawa, in ruwa ya dake ta sai fuskarta ta daskare kamar daɓe. Ruwa ya sauka bai samu ƙofar shiga ba, ya kwaranya, ya yanka kwazazzabo, ya kwashi rairayi ya kai kogi.

Sakamakon ya bayyana a jikin sandar Yamai. Jan ruwan da ke ɗan ƙari ya zama shi ne abin tsoro. A Agustan 2012 ya kai santimita 618, ruwan da ke wucewa kusan mita kubik 2,500 a sakan guda. A 2019 ya wuce haka. A Satumban 2020 ya kai santimita 700, alhali jan gargaɗi na farawa ne daga 620. Shinge ya ɓalle, ruwa ya shiga Lamorde da unguwannin wannan gaɓa da jami'armu take. Kogin da aka ƙetare da ƙafa a 1985 shi ne wanga, shekara 35 tsakani.

A ƙarƙashin ƙasa ma haka aka gani. A yankin gabas da Yamai, inda ƙoramu ba sa kaiwa kogi sai dai su taru a tabkuna, masu bincike irin su Christian Leduc da Guillaume Favreau sun ɗauko tsofaffin awon rijiyoyi na shekarun 1950 da 1960 suka gwada da na zamaninsu. Suka tarar ruwan rijiyoyi ya hau da wajen mita 4 tsakanin 1963 da 2007, cikin shekarun fari. Ruwan da faƙo ya hana shiga gona shi ne ya taru a tabki, ya tsiyaye ta gindin tabkin ya sauka. Kada wani ya ɗauka wannan albishir ne tsantsa. Ruwan da ya kamata ya jiƙa saiwar hatsi ne ya gudu ya bar ta.

Wannan ya kawo ni ga igiya. Tun kafin sanda, mutanenmu na da awonsu na ruwan ƙasa, kuma har gobe da shi ake aiki: gaba. Ka buɗe hannuwanka biyu iyakar buɗewa, daga yatsa zuwa yatsa gaba guda ke nan, ta ɗan gaza mita biyu. Ka tambayi kowace mace a ƙauye zurfin rijiyarsu, za ta ce maka gaba goma sha biyu, ko gaba talatin in arewa ce wajen Dakoro. Har cikin kirari ta shiga, in ana yabon mai zurfin ilimi a ce rijiya gaba dubu. Igiyar guga kuwa karne ce da kanta: shekarar da ruwa ya sauka sai an ƙara mata ƙulli, kowa a gidan ya san yaushe aka ƙara. Rauninta a fili yake. Gabar dogo ba ta gajere ba ce, igiya na tsinkewa a sake wata, mai tunawa ya mutu da abin da ya sani. Ƙarfinta kuma shi ne tana ko'ina, kullum ana zura ta, ba a biyan kowa. Rijiyoyin siminti da OFEDES ta gina tun shekarun 1960, da forajin da suka biyo baya, an rubuta zurfin ruwansu ranar da aka gama su. Sau da yawa wannan lamba guda ita ce kaɗai ta shiga takarda, alhali matan garin sun auna rijiyar sau dubbai bayanta.

Sunayen wurare ma awo ne, mai dogon zango. Gulbin Kaba gulbi ne a suna, amma yau kwari ne da ba ya gudu daga farko zuwa ƙarshe. Sunan ya riƙe abin da ƙasa ta saki. Tibirin Gobir, in ka faɗe shi yadda masu garin ke faɗa, Tsibiri ne. Maraɗi kanta a cikin fadama take da farko, ambaliyar 1945 ce ta rushe ta aka hau da ita tudu.

Gulbin Maraɗi ya cancanci a ɗan tsaya kansa, don a nan ne lamba ta zama maganar ƙasa da ƙasa. Daga Najeriya yake tasowa, can suna ce masa Gada, ya shigo ta Niyelwa, ya bi ta Madarumfa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, ya sake komawa Najeriya ya haɗu da Rima. Cikowarsa ce ke cika tabkin Madarumfa, ita ce ke shayar da ruwan da ke kwance ƙarƙashin fadama, wanda masu garka da gandun noman Jiratawa ke jawowa. A ƙarshen shekarun 1980 Najeriya ta gina barajin Jibiya a kansa, mai ɗaukar wajen mita kubik miliyan 140. A Yulin 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar rabon ruwan da suka haɗa: Magiya, Gulbin Maraɗi, El Fadama da Komadugu. Cikin abin da aka amince har da tattara awo da musayarsa ta hannun hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu. Ka tambayi masu garka a fadama za su ce maka gulbi ba ya daɗewa yana gudu kamar da. Na yarda da su. Amma a teburin tattaunawa "kamar da" ba ta ɗaure kowa. Mai cewa an rage masa ruwa sai ya nuna nawa ke wucewa Niyelwa kafin baraji, nawa bayansa, shekara bi shekara ba giɓi. Kuma giɓin nan ya faru a ƙasashen Afirka da yawa a shekarun 1980 da 1990, lokacin tsuke bakin aljihun gwamnatoci: tashoshi suka lalace, aka daina biyan masu karatu, kwalekwalen awo ya daina fita. Ranar da ba a karanta sanda ba ta tafi ke nan, ba kuɗin da zai sayo ta daga baya.

Barajojinmu na cikin gida su ma suna da nasu ciwon lamba. Na Mozage da Zongo a kan Magiya, masu shayar da gandun noman Ƙwanni, an gina su da adadin ruwan da za su ɗauka a rubuce. Amma jan ruwan nan da laka yake zuwa, kowace damina ya ajiye kasonsa a gindi. Sanda na iya nuna baraji ya cika maƙil alhali wani kaso na cikinsa taɓo ne. In ba a sake auna gindin ba, manomi na shuka ne da lissafin ruwan da babu shi.

To, kalmomi. Duk wanda ya buɗe rahoton ruwa na Faransanci kan ƙasar nan zai ci karo da goulbi, korama, fadama, kori, dallol. Nasara ya ari sunayen wuraren daga bakin Hausawa da maƙwabtansu, don harshensa ba shi da kalmar da ta yi daidai da su. Amma aron bai juyo ta ɗaya hanyar ba. Kalmomin awon, débit da cote da nappe, sun zauna cikin Faransanci. Mai fassara a rediyo in ya iso kansu sai ya ce ruwa ya ƙaru sosai, a yi hattara. Santimita 580 da 620 duk sun zama "sosai", alhali tsakaninsu ne ake yanke shawarar a kwashe yara da awaki ko a ƙara kwana.

Wadda ta fi damuna ita ce nappe. A Faransanci asalinta zanen da ake shimfiɗa wa tebur ne: abu guda shimfiɗaɗɗe da ya haɗa kowa. Mu kuwa masu haƙar rijiya cewa suke an samu ido, ko an taɓa jijiyar ruwa. Ido da jijiya na sa mutum ya ji kowace rijiya da nata ruwan, kamar yadda kowane jiki ke da nasa jini. A Damagaram, inda ruwa ke ɓuya cikin tsagar dutse har sai da aka riƙa jawo wa gari ruwa daga Gogo da Macaya da Arunguza, jijiya ta faɗi gaskiya. A fadamar Maraɗi kuwa, cikin rairayi, ruwan shimfiɗa guda ce. Wanda ya kafa foraji da pampo mai aiki da hasken rana yana ja daga safe zuwa marece, daga tabarmar da maƙwabcinsa ke zaune yake ja. In rijiyar maƙwabcin ta ƙara gaba guda sai ya ce idonta ne ya toshe, ya kira mai yasa. Harshen da yake tunani da shi bai nuna masa forajin ba. Ni a ganina "shimfiɗar ruwan ƙasa" za ta yi aiki, kuma débit a ce "mawucin ruwa" ko a tsaya ga bayani, tano kaza a sakan guda. Wasu a cikinmu za su fi ni dabara, ƙofa a buɗe take. Tun Maris na 2025 takardar mulkin ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa. In haka ne, sanarwar tsayin kogi da ta zurfin rijiyoyi na cikin takardun da ya kamata a fara juyawa, da Hausa da Zabarmanci duka, tun da masu zaune a gaɓar Isa da Zabarmanci suke jin gargaɗi. Daminar 2024 ta ci rayuka sama da 300 a ƙasar nan, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, tsohon masallacin Damagaram ya faɗi, har buɗe lakwal sai da aka ɗage zuwa ƙarshen Oktoba.

Saura Kandaji. An aza tubalinsa a 2008 zamanin Tanja Mamadu, aka sake tayar da aikin a 2019, wajen kilomita 180 sama da Yamai. A tsarin da aka yi zai riƙe ruwa kimanin mita kubik biliyan ɗaya da rabi, ya ba da wuta megawat 130, ya kuma tabbatar ko a tsakiyar bazara mita kubik 120 na wucewa a sakan guda, don kada a sake ganin Yunin 1985. Tsayin bangonsa, da faɗin ƙofofin da za su saki cikowa, da layin da aka ja a taswira aka ce duk wanda ke ƙasa da shi sai ya tashi, har da mutanen Ayoru, duka daga lambobin karnen nan aka fitar da su, waɗanda wasu mutane suka yi ta rubutawa safe da marece tun 1929. Rabin farko na lambobin an rubuta su ne lokacin da jan ruwa bai fi ɗan ƙari ba.